Tambaya da Amsa: In kwamfuta ta daina ganin hadisk

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk kuka ɗaya ne, an kunna kwamfuta ta ce ba ta ga rumbun ajiyarta ba, wato hadisk, shi ya sa na tattara su waje guda. Na ɗan rage tsawon wasu saboda fili.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Ni dillalin tumatir da tattasai ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, duk lissafin kwandunan da motoci ke sauke min daga Arewa da bashin da nake bin mutane yana cikin laftof ɗina HP, yarona ne yake shigar min a Excel. Shekaranjiya jakar ta zame daga cinyarsa a cikin danfo tsakanin Ketu da Ojota, wlh ba wata faɗuwa mai ƙarfi bace, amma tunda muka dawo in an kunna sai baƙin allo da rubutu wai "Boot Device Not Found" a ƙasa kuma an sa 3F0. Na kaiwa wani mai gyara yace Windows ce ta tashi zai ɗora min sabuwa. Nace masa bari in tambaya tukuna.
Daga mai karatu a Mile 12

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka kyauta ƙwarai da ka dakata, kuma dan Allah kada ka bari a ɗora komai a kan laftof ɗin nan sai lissafinka ya fito. Yawanci in za a ɗora sabuwar Windows sai an yi fomat na wurin da tsohuwar take, wato a goge duk abinda ke wurin, a rubuta sabon abu a kai, toh fayil ɗin bashinka kuma nan yake zaune. Laftof in ta mutu gobe zaka sayi wata a Ikeja, amma sunayen waɗanda kake bi kuɗi da adadin kwandon kowa ba a sayar da su a kasuwa. Kuma ma ka tambayi mai gyaran, in kwamfutar bata ganin hadisk ɗin, a ina zai ɗora Windows ɗin?

Wannan rubutu da lambar 3F0 abinda suke nufi kawai shi ne kwamfutar ta duba bata samu inda zata tashi daga shi ba. Bata faɗi dalili ba. Zai iya zama hadisk ɗin ya ɗan zame daga mahaɗarsa sanadin girgizar, zai iya zama yana nan lafiya fayilolin tayar da Windows ne suka lalace, zai kuma iya zama shi kansa ya samu rauni. Kowanne maganinsa daban, shi ya sa sai an gano wanne ne kafin a taɓa komai.

Ka sa yaronka ya kunna ta ya dinga danna Esc da sauri-sauri tun kafin rubutun ya fito, wani ɗan jeri zai bayyana. F10 zai kai shi cikin BIOS, wato shafin saitin kwamfutar da ke aiki tun kafin Windows ta tashi, F2 kuma zai kai shi wurin gwajin kayan ciki, a nan ya zaɓi gajeren gwajin hadisk. In ta ce babu hadisk kwata-kwata, toh ko ya zame ko ya mutu. In ta gan shi ya ci gwajin, alhamdulillah, da alama matsalar ta Windows ce kuma kayanka suna nan. In ta gan shi amma ya faɗi gwajin ta kawo wata doguwar lamba, yana hanyar mutuwa, aikin da ya rage shi ne kwashe kaya. Masu Dell su F2 ne BIOS, F12 kuma jerin tashi da gwaji, Lenovo ThinkPad F1, Acer da Asus galibi F2.

Amma kafin duk wannan, Alhaji, kasa kunnenka. Kaje inda babu hayaniya, na san a Mile 12 wannan sai dai da asuba ko cikin ɗaki, ka kunna ta ka manna kunne a gefen da ake ɗora hannu ƙasan kibod. Hadisk mai lafiya zaka ji ya ɗauki juyawa shuuu a hankali ya daidaita. In kaji ƙas, ƙas, ƙas yana maimaitawa, ko wani ɗan kuka siriri kamar yana so ya juya ya kasa, kashe ta nan take kada ka sake kunnawa, ko gwajin F2 ɗin ma a bar shi. Dalili kuwa, a cikin ɗan akwatin nan akwai faifai masu sheƙi da ke juyawa sau 5400 a minti ɗaya a yawancin laftof, akwai kuma wata ƴar allura da ke shawagi a samansu tana karatu ba tare da ta taɓa su ba, tazarar da ke tsakaninsu ko kusa bata kai kaurin silin gashi ba. In aka buga shi allurar ta taɓa faifan ko ta lanƙwashe, duk kunnawar da aka yi ƙara karce wurin take yi. Kamar motar kayanka ce tayarta ta fashe a hanyar Ibadan direba yaci gaba da gudu a kan ƙarfe, abinda faci zai gyara sai ya koma sayen wili. Irin wannan sai masu aikin ceto bayanai na musamman, waɗanda ke buɗe shi a ɗaki mara ƙura, kuma aikin nasu da tsada, ba na mai teburi a bakin titi bane. Kada kowa ya kwance murfin hadisk ɗin kansa a gabanka wai zai duba, ƙurar da ido baya gani ma ta isa ta ƙarasa shi.

In kuma shiru kaji ko juyawa mai kyau, amma BIOS bata gan shi ba, ina kyautata zaton zamewa yayi, kuma wannan shi yafi yawa bayan ƴar faɗuwa irin wadda ka faɗa. A cire caja, a cire batir in mai cirewa ne, in na ciki ne a zare wayarsa bayan an buɗe, a danne maballin kunnawa na ɗan lokaci. Laftof da yawa wata siririyar waya ce mai faɗi kamar leda take haɗa hadisk da madabod, wato babban allon da kayan cikin kwamfutar ke jone da shi, da ɗan makulli ƙarami da ake ɗagawa da farce. A zare ta a mayar a danne makullin. Sau da yawa shikenan aikin.

In bai yi ba, a ciro hadisk ɗin gaba ɗaya a sa shi a ɗan kes na USB mai inci 2.5, suna nan birjik a Computer Village, kasuwar kayan kwamfuta ta Ikeja, wajen layin Otigba, a jona shi a wata kwamfutar. In ya buɗe, fayil ɗin Excel za a fara kwafa kafin hotuna da wa'azi da komai, domin hadisk mai ciwo baya sallama kafin ya tafi. Wani lokaci zai nuna alamar kwaɗon kulle ya nemi lamba mai alƙaluma 48, wannan BitLocker ne, wato makullin tsaro na Windows, kada hankalinka ya tashi, galibi lambar tana ajiye cikin akawun ɗin Microsoft da aka shiga laftof ɗin da shi, sai yaronka ya shiga ta waya ya ɗauko.

Ka koma wurin mai gyaran da kanka, ko da turancin buroka ne ka faɗa masa dalla-dalla cewa fayil kake so ba Windows ba, kuma ka zauna a yi a gabanka. Ba wai mugunta ce ke sa su saurin cewa a yi fomat ba, layin kwastoma ne a gabansu kuma ɗora Windows shi ne aiki mafi sauri, sai dai sauri ya haifi nawa. In Allah yasa ya fito, duk ranar Juma'a yaron ya tura maka fayil ɗin ta imel ko WhatsApp, lissafin kasuwa bai kai nauyin hoto biyu ba.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Inada ɗan shagon buga takardu da fotokwafi a Agege kusa da Pen Cinema. Kwamfutar tebur ɗina wata safiyar ta tashi lafiya wata safiyar kuma tace "Reboot and Select proper Boot device", sai mun kashe mun kunna mun kashe mun kunna kwastoma na tsaye. Kuma na lura agogonta kullum ba daidai ba har shekarar ma baya take komawa. Tunda damina ta kankama abin ya ƙaru.
Daga ƴar'uwarku a Agege

AMSA: Lafiya lau Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a sana'a. Maganar agogon nan da kika kawo a ƙarshe ita ce bakin zaren. A kan madabod akwai wani ɗan batir zagayayye mai kama da kwabo, an rubuta CR2032 a jikinsa, bolt 3 ne, shi ke riƙe wa BIOS lokaci da saitinta in an ɗauke wuta. In ya mutu, duk daren da kika kashe soket kika rufe shago, da safe kwamfutar ta manta komai ta koma yadda ta fito daga kamfani. Daga cikin abinda take mantawa har da inda ya kamata ta fara dubawa in zata tashi, da kuma tsarin da aka ɗora Windows ɗinki da shi. Tsarin iri biyu ne, akwai tsoho da ake rubutawa Legacy akwai sabo UEFI, kuma Windows ɗin da aka ɗora da ɗaya bata tashi da ɗayan, hadisk na nan garau amma ace ba a gan shi ba. Haka in saitin SATA, wato mahaɗar hadisk da madabod, ya sauya daga AHCI zuwa wani abu, sai dai shi wannan yafi kawo shuɗin allo.

Batirin bashi da tsada, ko wurin masu gyaran agogo zaki same shi. A cire wayar wuta a canza shi, gefen da ke da alamar tarawa yana kallon sama, sannan a shiga BIOS da Del ko F2 ko F10 ya danganta da kamfanin, a gyara kwanan wata, a dawo da hadisk ɗin ko "Windows Boot Manager" saman jeri, a ajiye saitin a fita. Shawarata duk ranar da ta tashi lafiya ki shiga ki ɗauki hoton shafukan BIOS ɗin da wayarki, ranar da ta rikice kin san yadda zaki mayar.

Sai kuma abinda ya shafi irin shagonki. Kwastoma na zuwa da filash a buga masa takarda ya tafi ya manta shi a jiki, ko yarinyar shago ta bar nata a baya, da safe kwamfutar ta nemi tashi daga filash ɗin bata samu komai ba ta kawo wannan rubutun. Ki dinga leƙa ramukan USB gaba da baya kafin ki kunna.

Zancen damina kuma gaskiyarki ne. Iskar Legas jiƙaƙƙiya ce, in ta haɗu da ƙurar takarda da ta titi sai ta zama wani danƙo a bakin mahaɗai. Wayoyi biyu ne ke shiga hadisk, siririya mai haƙora 7 ta bayanai da mai faɗi mai haƙora 15 ta wuta. A zare su a share da busasshen burushi a mayar har sai sun zauna daram, siririyar ma gara a canza ta da sabuwa a kuma gwada wani ramin a madabod tunda galibi suna da fiye da ɗaya. Kuma in akwatin a ƙasa yake kan siminti ki ɗaga shi kan benci. Babban hadisk na tebur mai inci 3.5 yana buƙatar bolt 12 kafin injinsa ya juya, toh in akwatin raba wuta na cikin kwamfutar ya gaji saboda hawa da saukar wutar janareta, fanka zata juya fitila ta kama amma hadisk ya kasa ɗaukar gudu. Ki daure ki sa UPS, wato akwatin batir mai riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, kuma a daina juya wuta daga janareta zuwa ta gari kwamfuta na kunne.

Duk da haka Hajiya, hadisk mai zuwa yau ya ƙi zuwa gobe abin tsoro ne ko da batirin ne mai laifi. Yau ɗin nan in ta tashi ki kwashe takardun kwastomomi zuwa wani wuri, sannan ki sauke wata manhaja kyauta mai suna CrystalDiskInfo, tana karanta rahoton lafiyar da hadisk ke ajiyewa da kansa. Shuɗi lafiya, ruwan ɗorawa gargaɗi, ja kuma a canza shi kawai.

TAMBAYA: Slm. Ni ɗalibi ne, na sayi SSD irin siririn nan a Ikeja na sa a laftof ɗina don tayi sauri, amma da nazo ɗora Windows daga filash wurin da ake zaɓar hadisk fayau babu komai. Ko jabu aka sayar min?
Daga Idi-Araba

AMSA: Ƙanina kada kayi saurin komawa kayi faɗa da mai shago. SSD rumbun ajiya ne da babu faifai mai juyawa a cikinsa, siririn nan kuma sunansa M.2, mafi yawa girman 2280 ne wato faɗin milimita 22 tsawon 80, amma iri biyu ne masu kama da juna, akwai mai tsarin SATA akwai NVMe. Ka duba bakin haƙoransa, mai SATA galibi giɓi biyu gare shi, NVMe galibi giɓi ɗaya. Wani ramin laftof ɗin ɗaya kawai yake karɓa, kuma abin haushin shi ne wanda bai dace ba ma zai iya shiga ya zauna lafiya amma ba za a gan shi ba. Ka juya laftof ɗin ka ɗauki lambar samfurinta ka duba a shafin kamfanin wanne take ɗauka. Ka kuma tabbata ka sa shi a karkace ka tura har haƙoran zinaren suka shige kafin ka kwantar da shi ka ɗaure da ɗan sukurunsa.

In ka shiga BIOS ka ga sunansa amma mai ɗora Windows ne baya gani, toh SSD ɗinka lafiya lau. Laftof masu Intel daga zubi na 11 zuwa sama da yawansu suna zuwa da wani saiti VMD a kunne, filash ɗin Windows kuma ba lallai yana da direban, wato ƴar manhajar, da zai gane shi da ita ba. Ka sauke direban Intel RST daga shafin kamfanin laftof ɗinka, ka warware shi cikin filash ɗin, in kazo wurin nan fayau ka danna "Load driver" ka nuna masa foldar. Ko ka kashe VMD a BIOS tunda sabon ɗori ne. Amma wanda Windows ɗinsa ke aiki kada ya taɓa wannan saitin, zata ƙi tashi. Kuma tunda sabon ɗori zakayi, in laftof ɗin tana da TPM 2.0, wato wani sashen tsaro da sabuwar Windows ke buƙata, ka sa Windows 11, don Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025.

Ga masu ƙara sabon hadisk na biyu su ga bai fito a jerin C da D ba, ku danna maballin Windows da X ku shiga "Disk Management", zaku gan shi da baƙin layi, sai ku shirya shi ku zaɓi tsarin GPT don ɗayan tsarin, MBR, baya wuce 2TB, ku bashi harafi. Wannan na sabo fil ne fa wanda babu komai a ciki.

TAMBAYA: Yallabai ni mai ɗaukar hoton biki ne. Hadisk ɗina na waje da hotunan bikin mutane uku ke ciki waɗanda ban basu ba, in na jona sai yace sai nayi fomat kafin in yi amfani da shi. Abokina yace in ɗaure shi a leda in sa a firiza zai dawo. Amare sai kira suke.
Daga Obalende

AMSA: Subhanallahi, ɗan'uwa Allah ya fitar da kai, amanar mutane ce a hannunka. Abu biyu kada kayi, kada ka danna fomat ɗin nan kuma kada ya shiga firiza. In ka fito da shi daga sanyi zuwa iskar Obalende raɓa ce zata kwanta masa ciki da waje, ka haɗa wuta da ruwa a kan faifan da hotunan suke.

Labari mai daɗi shi ne tunda har Windows ta gan shi tana neman fomat, yana raye, taswirar da ke nuna inda kowane fayil yake ce ta rikice, kuma hakan na yawan faruwa in an fizge waya ana cikin kwafi ko wuta ta ɗauke. A "Disk Management" zaka ga an rubuta RAW a inda ya kamata a ga sunan tsarin ajiyarsa, NTFS ko exFAT. Fara da abu mai sauƙi, canza wayar USB ɗin da gajeriya mai kyau, jona kai tsaye a jikin kwamfuta ba ta ɗan akwatin raba ramuka ba, kuma ka nemi rami mai shuɗin harshe, shi USB 3.0 yana bada wuta har miliamfiya 900, tsohon 2.0 kuwa 500 ne, wani hadisk ɗin wutar ce bata isarsa. Ka tuna kuma ko a Mac aka tsara shi, don Windows bata karanta APFS, tsarin ajiyar Mac.

In duk bai yi ba kuma babu ƙas-ƙas ɗin da na faɗa wa Alhaji a sama, sai manhajojin ceto. TestDisk kyauta ce tana iya dawo da taswirar, ƴar'uwarta PhotoRec kuma bata damu da taswira ba, bin faifan take tana tsinto hotuna, sai dai zasu fito ba sunayensu na asali ba folda, zaka sha zaman tantance wace amarya ce wacce. Duk abinda aka ceto a wani hadisk daban za a zuba shi, ba a kan mara lafiyan ba, don haka ka tanadi wani mai fili kafin ka fara. Kada kuma ka yarda a yi masa chkdsk, wato umarnin gyaran hadisk na Windows, kafin hotunan su fito, gyaran nasa rubutu yake yi a kai. In wanda zai taimaka maka ya iya Linux, mafi kyau ya fara ɗaukar kwafin hadisk ɗin gaba ɗaya da manhajar ddrescue ayi aikin a kan kwafin. Kuma ka duba katin kamararka, in baka ɗauki wasu hotunan da yawa a kai ba PhotoRec na iya tsinto na bikin ƙarshe daga can ko da ka goge. Su kuma amaren ka kira su ka faɗa musu gaskiya ana kan aiki, yafi kashe waya.

TAMBAYA: Malam ya zan gane hadisk tokumbo, wato na hannu, mai kyau kafin in biya?
Daga Alaba Rago

AMSA: Kaje da laftof ɗinka da kes na USB, ka jona a gaban mai kayan ka buɗe CrystalDiskInfo. Ka duba launi, ka duba awannin da ya yi yana aiki, shekara guda cur awa 8760 ce sai ka auna da kanka, in kuma kaga gargaɗi a layin lalatattun sassan faifan da aka sauya ko masu jiran sauyi ka ajiye masa abinsa komai arha. Na waje kuma da filash masu babban lamba da ƙaramin farashi, akwai waɗanda ake yi wa ƙaryar girma, sai ka zuba kaya sun wuce ainihin cikinsa sannan su fara ɓacewa. Manhajar H2testw tana cika shi ta karanta ta faɗa maka gaskiyar girmansa, amma tana cin lokaci sosai, don haka ka karɓi rasit mai lambar jikin hadisk ɗin ku kuma yi yarjejeniyar kwanakin da zaka iya dawo da shi in ya faɗi gwajin a gida.